Tambaya ta Goma Sha Huɗu

Ƙarfe sha ɗayan dare a Greensboro,
fanka tana ta juyi, zafi ko a jikinsa.
Littafin jarabawar shiga makarantar lauyoyi a gabana,
da ɗigon miyar kuɓewa a gefen shafi.

Tambayar ta ce: a wani gari,
matasan da suka sami aikin hutun bazara bana sun fi na bara yawa,
amma alƙaluma sun ce rashin aikin matasa ya ƙaru.
Wace magana ce, in gaskiya ce, za ta kwance ƙullin?

Minti ɗaya da rabi. Na saita agogon waya.

Ta farko: an ƙara albashi.
Madalla, sai me? Daɗin kuɗi daban, yawan kawuna daban.
Na soke.
Ta biyu: an tafka ruwa a watan Yuli.
Ko da ya rufe wuraren ninƙaya,
an riga an faɗa mini masu aiki sun ƙaru,
ba a musu da abin da tambaya ta ba ka a hannu.
Ta uku ce ta riƙe mini alƙalami:
manya ma sun fito neman irin aikin.
Na tuna tsohuwar da ke zuba mana kaya a leda a kanti,
hannunta na rawa, tana murmushin dole.
Gaskiya ce, na gani da idona,
amma ba kowace gaskiya ce amsa ba.

Ta huɗu: masu neman aikin sun ninka.
Na ja takarda.
Bara ɗari suka nema, tamanin suka samu,
ashirin suka koma gida.
Bana ɗari biyu, aka ɗauki ɗari da ashirin,
tamanin na tsaye a rana.
Ɗaya cikin biyar ya zama biyu cikin biyar.
An ƙara tuwo, baƙi ne suka fi ƙaruwa.

Nan ya kamata in zagaye ta, in wuce.
Sai na ga abin da lissafin ya ɓoye a hammata:
mai nema kaɗai ake ƙirgawa.
Wanda ya gaji ya zauna,
ba ya cikin masu aiki, ba ya cikin marasa shi.

Na ɗaga kai.
Jazuli na kwance a doguwar kujera, ƙafa ta wuce hannunta,
hasken waya a fuskarsa.
Shekara sha bakwai.
A watan Yuni takardar neman aiki ashirin da uku ya cike,
wurin wankin mota, ɗakin karatu, shagon kaji,
ya goge farar rigar Baba har wuyanta ya yi ƙyalli.
Wuri ɗaya suka kira shi, suka ce za su sake kira.
Tun sallar layya rigar ke rataye a bayan ƙofa.
Ashe ranar da ya rataye ta
ya yi wa alƙaluman garin nan kwalliya.

Agogo ya buga. Na makara.

Ya taso shan ruwa, ya leƙo ta kafaɗata,
bai kai numfashi uku ba ya ɗora yatsa:
"Wannan ce mana.
Mu arba'in muka yi layi a kan gurbi uku."
Na duba bayan littafi. Ita ce.
Na ce ya aka yi bai faɗa wa tarkon ta uku ba,
ya ɗaga kafaɗa, ya rufe firji da ƙafa.

Can daga lungu na ji muryarsa:
"Yaya, ina Umma ta ajiye dutsen guga?"
Ban tambaye shi ko na mene ne ba.
In dai abin da nake zato ne,
gobe rashin aiki zai ƙaru da mutum ɗaya a garin nan,
ni kuwa ina ta addu'ar ya ƙaru.

Saura tambaya goma sha ɗaya.
Umma sai asuba za ta taso daga gidan kula da tsofaffi.